Martani Kan Kiran Soke Fifikon Daɗewa a Ƙarin Girman Akawunan Ƙananan Hukumomi

Wani marubuci mai sharhi kan harkokin mulki ya fitar da maƙala a kwanakin baya, inda ya ɗora alhakin mutuwar zuciyar da ake gani a sakatariyoyin ƙananan hukumomin Nijeriya a kan abu guda, wato al'adar fifita wanda ya daɗe a aiki idan an zo ƙarin girma, abin da ma'aikata ke kira siniyoriti. A ganinsa, akawun ƙaramar hukuma ba ya bukatar komai face ya zauna ya ƙirga shekaru, domin ko ya yi aiki ko bai yi ba layi zai zo kansa, kuma matashin da ya iya kwamfuta ya riƙe difloma dole ya jira bayan dattijon da ba a ganinsa a ofis sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin albashi. Maganin da ya kawo shi ne a soke wannan ma'auni gaba ɗaya, a bar wa shugabannin sassa da shugaban ƙaramar hukuma ikon ɗaga duk wanda suka ga ya fi ƙwazo ko ya fi takardu, kamar yadda bankuna da kamfanoni masu zaman kansu suke yi. Koken nasa yana da tushe, domin duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko ya bi sawun fayil ɗin fanshon mahaifinsa, ya san irin zaman jiran da ake sha a waɗannan ofisoshi. Sai dai maƙalar ta kauce hanya a wuri biyu masu nauyi, domin ba ta fahimci yadda ake lissafin fifikon daɗewa ba, kuma maganin da ta rubuta zai miƙa wuyan ƙaramin ma'aikaci ga mutanen da aka kafa wannan ma'auni domin a kare shi daga son ransu.

Akawuna su ne ma'aikatan da ke riƙe da takardun ofis, waɗanda suke karɓar wasiƙa su shigar da ita rijista, su buɗe fayil su ba shi lamba, su rubuta inda ya tafi da ranar da ya dawo, su cike takardun hutu da na canjin wurin aiki, sannan su taimaka wajen shirya jadawalin albashi da rasiɗan kuɗin kasuwa da na tasha. Matsayinsu ya samo asali ne daga tsarin matakan albashi na bai-ɗaya, daga mataki na 01 zuwa na 17, wanda ya biyo bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya samar da ƙananan hukumomi 301, ya shigar da ma'aikatansu cikin tsari irin na sauran ma'aikatan gwamnati. A ƙa'idar rukunin akawuna, mataimakin akawu yana kan mataki na 03, akawu mai daraja ta biyu yana kan 04, mai daraja ta ɗaya yana kan 05, babban akawu yana kan 06, shugaban akawuna kuma yana kan 07, inda jerin matakan wannan rukuni ya tsaya. A yawancin jihohi Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, wadda ke zaune a babban birnin jiha, ita ce take ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da ma'aikatan mataki na 07 zuwa sama, ta bar na mataki na 01 zuwa 06 a hannun kwamitin kula da ƙananan ma'aikata na kowace ƙaramar hukuma. Wannan rabon iko yana nufin kusan dukkan rayuwar aikin akawu ana yanke ta ne a cikin sakatariya, ɗakuna kaɗan daga ofishin ciyaman, kuma marubucin bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, alhali a kansa gardamar take.

Kuskuren farko na maƙalar shi ne ɗaukar da ta yi cewa daɗewa tana nufin yawan shekarun haihuwa ko jimillar shekarun da mutum ya yi yana karɓar albashi. Jerin sunayen ma'aikata, wato takardar da ofishin Daraktan Mulki yake ajiyewa mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da matakinsa, yana nuna ranaku huɗu a gaban kowane suna: ranar haihuwa, ranar fara aiki, ranar tabbatarwa a aiki, da ranar hawa matsayin da ma'aikacin yake kai a yanzu. Ta ƙarshen nan ita ake fara dubawa idan ana so a san wane ne gaba da wane a cikin mutanen da ke kan mataki ɗaya. A ɗauki misalin akawu biyu da ke kan mataki na 05, ɗaya ya shiga aiki a 2008 amma bai hau matakin ba sai a 2019 saboda ya yi ta faɗuwa jarrabawa ko an taɓa ladabtar da shi, ɗayan kuma ya shiga a 2014 ya hau matakin a 2017. A ƙa'ida na biyun ne gaba, ko da na farkon ya haife shi, domin ya riga shi hawa matsayin da shekara biyu. Sai idan ranar hawan tasu ta zo ɗaya ake komawa baya a duba wanda ya riga wani hawa matakin da ya gabata, a ci gaba da haka har a kai ga ranar fara aiki, wadda ita ma ba ranar da aka buga a kan takardar ɗauka ake nufi ba, ranar da mutum ya zo da ƙafarsa ya kama aiki aka shigar da sunansa rijista jami'i ya sa hannu ake nufi. Shekarun haihuwa, waɗanda marubucin ya gina rabin maƙalarsa a kansu, su ne na ƙarshe a layi, ba a waiwayarsu sai komai ya zo kunnen doki. Saboda haka tsarin da kansa yana hukunta malalaci, domin duk zagayen ƙarin girman da ya wuce shi yana mayar da shi bayan waɗanda suka same shi a ofis.

Haka kuma daɗewa ita kaɗai ba ta ɗaga kowa. Dokokin aikin gwamnati, waɗanda jihohi suka kwaikwaya daga na tarayya, sun sharɗanta cewa sabon ma'aikaci zai yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma wanda ke kan mataki na 06 zuwa ƙasa zai yi aƙalla shekara biyu a kan matakinsa kafin a duba shi, na mataki na 07 zuwa 14 shekara uku, na 15 zuwa 17 shekara huɗu. Cika wannan wa'adi cancantar a duba mutum kawai yake bayarwa. Bayan shi akwai sharaɗin samun gurbi, wato kujerar da aka amince da ita a ƙiyasin ma'aikata da kasafin kuɗin shekarar, akwai rahoton ƙwazo na shekara-shekara, akwai jarrabawa ko ganawa, kuma wanda ake bincikensa kan wani laifi ba a ɗaga shi sai an gama. A jagorar Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya kan ƙarin girman manyan ma'aikata, jarrabawa ko ganawa ce ke ɗauke da maki 70 cikin 100, rahoton ƙwazo 20, daɗewa kuma 10 kacal. Ko da jihohi sun ɗan bambanta wajen rabon makin, hoton da marubucin ya zana na ofishin da ba a duba komai a cikinsa sai shekaru bai dace da abin da ke rubuce ba. Idan ya ce a wasu sakatariyoyi ba a bin abin da ke rubuce, wannan gaskiya ne, amma a nan ƙarar da ya kamata ya shigar ta rashin bin doka ce, kuma soke dokar ba zai sa a fara bin ta ba.

Babbar matsalar shawarar tasa tana cikin tambayar da bai yi ba, wato wane ne zai auna ƙwazon, kuma da wane mudu. A banki ana iya ƙirga kuɗin ajiyar da ma'aikaci ya jawo da bashin da ya karɓo, mai banki kuma yana asara daga aljihunsa idan ya ɗaga raggo ya bar gwani, don haka son kansa ma yana tilasta masa yin adalci gwargwado. Aikin akawu ba ya ƙirguwa haka. Nagartarsa tana bayyana ne a abubuwan da ba su faru ba, kamar fayil ɗin da bai ɓata ba, da wasiƙar da ba ta kwana a aljihun tebur ba, da sunan mamacin da bai ci gaba da fitowa a jadawalin albashi ba, kuma babu fom ɗin da ke da layin rubuta irin waɗannan. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa ba ya asarar ko sisi idan ya ɗaga ɗan gaban goshinsa, domin kuɗin ba nasa ba ne, wa'adinsa a jihohi da yawa bai wuce shekara biyu ko uku ba, kuma shekaru masu yawa an yi su ne ƙarƙashin kantomomin riƙo da gwamnoni suka naɗa, waɗanda za a iya sauke su da sanarwar rediyo. Akawu yana iya yin shekara 35 a aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, kafin ya yi ritaya, wato zai ga shugabanni goma ko fiye daga jam'iyyu da ɓangarori masu gaba da juna. Idan cigabansa ya rataya ga ganin damar kowane ɗaya daga cikinsu, to hankali zai nuna masa ya bar rijista ya koma zaman ƙofar gidan ciyaman, kuma da zarar mulki ya juya, wanda ya ci moriya jiya shi za a fara dannewa yau.

Akwai ma shaida a hannu kan yadda shugabanni suke amfani da ɗan ikon auna ƙwazon da aka riga aka ba su. Fom ɗin rahoton shekara, wanda aka fi sani da APER, an tsara shi ne domin shugaban sashe ya rubuta gaskiyar abin da ya gani game da zuwan ma'aikaci a kan lokaci da ingancin aikinsa da riƙon amanarsa. Abin da aka saba gani shi ne ma'aikaci ya tara fom na shekara biyu ko uku ya cike su rana ɗaya idan an ji labarin zaman ƙarin girma, shugaba kuma ya ba kowa maki mai kyau domin kada a ce shi ya hana wani cin abinci, sai wanda suka yi faɗa da shi kaɗai yake ganin jan biro. Lalacewar wannan fom ta kai gwamnatin tarayya da kanta ta maye gurbinsa da wani tsarin auna aiki a sabon kundin dokokin aikinta na 2021. Hannun da ya kasa riƙe maki 20 da gaskiya shi marubucin yake so a danƙa wa maki 100, ba tare da ya faɗi abin da zai sauya halin mai hannun ba.

Tarihi ma ba ya goyon bayansa, musamman a Arewa, inda aka daɗe da sanin aikin hukuma da ke bin kusanci. En'e ta fitar da malamai da ma'aji da magatakarda masu ƙwarewa waɗanda har yau ake yabon tsabtar littattafansu, kuma makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a 1954 kafin ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi aiki babba wajen samar da su. Amma sananne ne cewa shiga aikin En'e da ɗaukaka a cikinsa sun dogara ƙwarai ga dangantaka da fada da samun ubangida, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaran tsarin En'e a majalisar Arewa a 1950. Haɗa ma'aikatan ƙananan hukumomin kowace jiha a ƙarƙashin hukuma ɗaya bayan 1976 an yi shi ne domin a raba makomar ma'aikaci da fuskar mai mulkin garinsu. An kuma gwada komawa wancan ɓangaren a gyaran aikin gwamnati na 1988, ƙarƙashin doka ta 43 ta mulkin Janar Ibrahim Babangida, wadda ta ƙara wa shugabannin siyasa iko a kan ma'aikatu ta kuma mayar da manyan daraktoci masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su. Kwamitin Allison Ayida da aka kafa a 1994 ya duba abin da hakan ya haifar, aka soke dokar a 1995. Wanda zai kawo shawarar a sake buɗe wannan ƙofa a ƙananan hukumomi 774 wajibi ne ya bayyana dalilin da zai sa sakamakon ya bambanta a wannan karo, kuma maƙalar ba ta yi yunƙurin hakan ba.

Darajar fifikon daɗewa, duk da ƙarancin makinsa, ita ce shi kaɗai ne ma'aunin da ƙaramin ma'aikaci zai iya tantancewa da kansa. Ba zai ga takardar jarrabawar abokin aikinsa ba, ba zai san abin da aka tattauna bayan ya fita daga ɗakin ganawa ba, amma ya san ranar da ya kama aiki da ranar da aka ɗaga shi, ya kuma san na waɗanda suke zaune tare a ofis ɗaya. Idan aka tsallake shi aka ɗauki na bayansa, yana da abin nunawa a takardar koke, ƙungiyarsu ta NULGE tana da abin riƙewa, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago, tana da abin dubawa. Wannan kariya ba ta ma'aikaci kaɗai ba ce. Akawun da aka umarta ya mayar da kwanan wata baya a kan wata takarda, ko ya ɓoye fayil ɗin wani fili har sai an gama rabon, yana iya cewa a'a ne kawai idan ya san ƙin nasa ba zai tsayar da shi a mataki ɗaya har ritaya ba. Talakan da ke da fili a wannan fayil bai san akawun ba, amma haƙƙinsa ya rataya ga wannan a'a ɗin.

Game da takardun ilimi, marubucin ya haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Ƙarin girma hawa ne daga mataki zuwa na gaba a cikin rukuni ɗaya, sauya rukuni kuwa fita ce daga layin akawuna zuwa wani layi, kamar na jami'an zartarwa, wanda ke farawa daga mataki na 06 ya kai har 14. Akawun da ya yo difloma a fannin mulki ko lissafin kuɗi hanyarsa ita ce ya nemi a sauya masa rukuni idan akwai gurbi, kuma wannan hanya ba ta tilasta masa jiran kowane dattijo. Abin da ba zai samu ba shi ne ya shiga sabon rukunin ya hau kan waɗanda ya tarar, domin lissafin daɗewarsa a can yana farawa ne daga ranar da ya shiga, kuma wannan adalci ne ga mutanen da suka riga shi koyon aikin. Da za a ce takarda ita kaɗai ke ɗaga mutum a cikin rukuninsa, da ofisoshi sun zama kango a ranakun aiki saboda kowa ya tafi neman shaida, kuma tantancewar ma'aikata da jihohi ke yi lokaci-lokaci ta sha bankaɗo takardun bogi da ke nuna inda irin wannan tsere yake kaiwa. Inda marubucin ya kusa taɓa gaskiya, ko da yake bai tsaya a kai ba, shi ne makomar akawun da ya kai mataki na 07 ba shi da halin komawa makaranta, wanda zai iya shafe shekara goma sha biyar ko ashirin a wuri ɗaya komai iyawarsa. Mutuwar zuciyar da ake gani a fuskar irin wannan ma'aikaci daga rufaffiyar hanya ta fito, kuma soke fifikon daɗewa ba zai ƙara masa mataki ko ɗaya ba. Abin da zai taimake shi shi ne kwasa-kwasan cikin aiki da ke ba da damar sauya rukuni, waɗanda dominsu ne ake ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ƙananan hukumomi a matsayin asusun horarwa, kuma wannan asusu ne ya kamata ya amsa ƙorafin rashin iya kwamfuta, wanda koyonsa ga mai aikin rijista bai wuce na 'yan makonni ba.

Ciwon da ke damun tsarin yana cikin ɗakin ajiyar fayiloli, kuma a nan ne ya dace a ce marubucin ya bar jaki yana dukan taiki. Fayil ɗin ma'aikaci kwali ne mai ɗauke da takardu da aka soke da igiya a kusurwar hagu, kowane shafi da lambarsa da aka rubuta da biro a sama, shafukan farko kuma su ne takardar neman aiki, da takardar ɗauka, da shaidar kama aiki, da shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu a kan shekaru. A sakatariyoyi da yawa waɗannan kwalaye suna jibge a kan kanta ko a ƙasa, a ɗakin da rufinsa ke yoyo da damina, gara tana ci daga ƙasa, kuma mabuɗin yana hannun mutum ɗaya. Mai buɗe irin wannan fayil yakan tarar lamba ta tsallaka daga shafi na biyu zuwa na biyar, ko ya ga takardar kama aiki sabuwa fil a tsakanin takardun da suka yi ja saboda tsufa, ko rantsuwar shekaru biyu masu saɓa wa juna. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana nufin an matsar da wani gaba a layi an mayar da wani baya. Ƙirƙiro sababbin jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙara dagula lamarin, domin lokacin da aka cire Katsina daga Kaduna a 1987, da Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato a 1991, da Zamfara a 1996, an raba ma'aikata an kwashi fayiloli daga gari zuwa gari, kuma duk fayil ɗin da ya salwanta a hanya an sake gina shi ne daga abin da mai shi ya kawo. Mai uwa a gindin murhu yana samun ranar da ta yi masa daɗi, marar gata kuma yana rasa shekarun da ya yi da guminsa. Abin da jama'a ke gani su kira zaluncin daɗewa sau da yawa daɗewar jabu ce, wadda mai iko ya ƙirƙira da biro, wato ainihin ganin damar da marubucin yake neman a halatta.

Jinkiri shi ne ciwo na biyu. Ana iya shafe shekaru ba a zauna zaman ƙarin girma ba saboda an ce babu kuɗi, sannan a tara zagaye biyu ko uku a yi su lokaci ɗaya, yawanci gab da zaɓe. Takardar da ke fitowa a irin wannan hali tana ɗauke da ranaku biyu, ranar da matsayin ya fara ƙirguwa da ranar da kuɗinsa zai fara shiga albashi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ariyas ɗin da ma'aikaci yakan yi ta bi har ya gaji. Ranar farkon, wadda ake kira ƙarin girma na takarda, ita ce ke hana jinkirin gwamnati ya ci matsayin mutum a layi, kuma misali ne na yadda lissafin daɗewa yake tsare ma'aikaci daga laifin da ba nasa ba. Amma mutumin da ya riƙe takardar mataki na 06 yana karɓar albashin 05 shekara da shekaru ba zai zo ofis da ƙarfe takwas da fara'a ba, kuma danganta sanyin jikinsa ga siniyoriti rashin adalci ne. Haka nan ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ake ɗauka a kan ɗan alawus su yi shekaru suna aikin akawu kafin a ba su takardar dindindin, yawanci ba a ƙirga musu waɗannan shekaru, sai su tarar ɗan wani da aka kawo jiya da takarda a hannu ya zama gaba da su. Wannan gurbi ne na gaskiya a cikin ƙa'idar, kuma gyaransa shi ne a faɗaɗa lissafin daɗewa ya haɗa da aikin da aka tabbatar an yi.

Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne, ko da yake yana da masu adawa da shi a cikin gida. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta liƙa jerin sunayen ma'aikatanta, rukuni-rukuni da mataki-mataki, tare da ranakun nan huɗu, a allon sanarwa a farkon kowace shekara, a ba da wa'adin da duk wanda ya ga kuskure a ranarsa ko a ranar wani zai rubuto koke, domin babu mai binciken da ya kai abokin zama a ofis sanin ranar da mutum ya fara aiki. Ya kamata duk canjin da za a yi wa ɗaya daga cikin ranakun ya bi ta Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da dalili a rubuce, ranar haihuwar da aka bayar a farkon aiki kuma ta zauna yadda take. Idan kwamiti ya tsallake na gaba ya ɗauki na baya, abin da yake da ikon yi idan jarrabawa da rahoto sun nuna haka, to ya rubuta hujjarsa a cikin bayanan zaman, wakilin ƙungiyar ma'aikata yana wurin, a kuma sanar da wanda aka tsallake makin da ya samu. Da haka ƙwazon da marubucin yake kishi zai samu hanyarsa a fili, inda za a iya ƙalubalantarsa idan na ƙarya ne.

Lokacin da shawarar tasa ta fito ma abin dubawa ne. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ke riƙewa, ta kuma haramta tafiyar da su ta hannun kantomomin da ba zaɓaɓɓu ba. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, alƙiblarsa ita ce ƙarin kuɗi da ƙarin iko a ofishin ciyaman, kuma ma'aikatan da suka yi shekaru suna fafutukar wannan 'yanci suna da haƙƙin su tabbatar bai zama 'yancin ciyaman a kan wuyansu ba. Ga akawun mataki na 04 ko 05, wanda makomarsa ke hannun kwamitin cikin gida, wannan yana nufin a ajiye kwafi na biyu na jerin sunaye da na shafukan farko na fayil ɗinsa a hukumar jiha, a kwamfuta da kuma a takarda, inda hannun sakatariya ba ya kaiwa, ta yadda ranar da aka ce fayil ɗinsa ya ɓata gab da zaman ƙarin girma zai sami inda zai je a ciro masa ranar da ya kama aiki.